Baƙin labule a idona na hagu

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar yau, ina karatu, wani abu kamar baƙin labule ya sauko a idona na hagu. Rabin shafi ya ɓace!

Tun da aka yi min aikin ido bara na ajiye gilashina mai kauri, na ɗauka na warke. Kwana tara ke nan ina ganin walƙiya a idon, ina rubuta lokutan a littafina. Ban gaya wa kowa ba, kar a ce na cika ƙorafi.

Yaya Hadiza ta ce, "Ke, tashi, asibiti!"

Likita ya karanta littafin, ya haska idon, ya ce tantanin bayansa ne ya ɓalle.

Na ce, "Likita, zai dawo?"

Ya ce, "Ƙanwata, tun ranar da kika rubuta shafin farko ya kamata ki zo. Kar ku kwana a Daura, ku wuce Kano yanzu."