Sati Uku Ina Tafinta

Shekarar da ciniki ya kwanta a kantina na Tamanrasset, can ƙasar Larabawa, sai tausayi ya taso mini kamar zazzaɓi. Bayan sallar Juma'a na miƙe na ce duk ɗan Nijar da aka kwantar a gidan likita, ni zan riƙa yi masa tafinta, don Allah. Na ɗaga murya wajen "don Allah" ɗin yadda na sahun baya za su ji.

Ba yabon kai ba, na iya aikin. Na san mutanenmu. Bahaushe ko ƙafarsa ɗaya na cikin kabari, ka tambaye shi jiki, sauƙi zai ce maka. Ni kuwa sai in zauna in yi ta tono har gaskiya ta fito.

Wanda na fi zama wurinsa wani magini ne daga ƙauyukan Damagaram, ya faɗo daga saman gini ƙafa ta karye. Ba Larabci, ba Faransanci. In ya ce da sauƙi, ni sai in gaya wa lokotoron da ke duba shi ƙafar na zogi har cinya. Ran nan lokotoron ya dafa kafaɗata a gaban jama'a, na yi kwana biyu ina ba da labari a kasuwa.

Sati na uku mota ta sauke mini atamfa da lalle daga Agadas. Ciniki ya tashi, zazzaɓin ya sauka. Ban yi wa maginin sallama ba, ban bar kowa a madadina ba. Kullum in ce gobe.

Daga baya na ji yadda aka ƙare. Kowace safiya a nuna masa ƙafar, ya gyaɗa kai ya ce alhamdu lillahi, don kar a ce ya cika raki. Aka sallame shi, ashe ƙashin ya goce.

Bayan wata biyar sai ga shi a ƙofar kanti da sanda, ƙafa a karkace. Hawa gini ya ƙare masa, gadin siminti yake yi. Tare yake da wani ɗan garinsu da ya zo neman aiki.

"Ka ga bawan Allahn nan?" ya ce wa baƙon. "Shi ya tsaya mini a likita. Ko ɗan'uwa sai haka."

Kunya ta kama ni har wuya, na buɗe baki zan ce masa ba haka ba ne. Amma akwai masu saye uku a kantin suna saurare, sai na bar shi ya ƙare yabon.