Gurbin Labo a Gayya

A Unguwar Marke, wani ƙaramin ƙauye da ke kan hanyar Ƙarfi, idan ka ce kana neman Labo sai a tambaye ka wanne. Idan ka ce masassaƙi, wasu su gane. Amma da ka ce Labo Me-ya-sa, ko yaro mai tatata zai nuna maka gindin ɗorawar da yake zama.

Tun yana ƙarami yake da tambaya. Me ya sa akuya ke gudun ruwan sama, tunkiya ko a jikinta? Me ya sa gero ke son jigawa, dawa ta fi son laka? Ya sha ranƙwashi a kan haka. Yana saurayi ya faɗo daga kan kaɗanya, ƙafarsa ta hagu ta karye, ɗorin bai zauna daidai ba, ya tashi da ɗingishi. Noma ya gagare shi, sai ya koyi sassaƙa: ƙotar garma, ƙotar fartanya, turmi, taɓarya, 'yar kujerar tsakar gida. Zaman wuri ɗaya bai rage masa tambaya ba, ƙara ta ya yi, don yanzu mutane ne ke kawo kansu gabansa, kuma mai jiran ƙota ba shi da damar gudu.

Allah bai ba shi haihuwa da matarsa Ladidi ba. Amma wansa ya tafi haƙar kuza Jos ya rasu can, ya bar yaro mai suna Aƙilu, su suka riƙe shi tun bai yi wayo ba. Yaron ya tashi dogo, mai ƙarfi, ba mai yawan magana ba.

A daminar 1964 ne Aƙilu ya isa shiga gayya. Yadda ake gayya a ƙasar nan, maza kan jeru kowa da kunyarsa, Mamuda makaɗi ya rataya gangar noma yana bin su a baya. Wanda ya riga kowa fita a ƙarshen kunya, shi ake yi wa kirari, 'yammata su share masa gumi. Wanda ya zo na baya kuwa, Mamuda ya zauna a kansa da zambo har a tashi, 'yammatan nan su ɗauki waƙar su kai ta rijiya, su kai ta dandali.

Gayyar farko Aƙilu ya zo na baya. Ta biyu ma haka. A ta uku Mamuda ya riga ya gyara masa waƙa: ɗan gidan sassaƙa, garma ta fi shi nauyi, a kawo masa zani ya ɗaura ya je ya taya Ladidi daka.

Da la'asar Aƙilu ya shigo gida, ya jingine garma a jikin rumbu, ya tsuguna gaban Labo.

"Baba, da an yi girbi zan bi motar Kaduna. An ce masaƙa na ɗaukar mutane. Ni da gonar garin nan har abada."

Labo ya ajiye ƙotar da yake sassaƙawa. Tafiya ba ita ta dame shi ba, samari na zuwa cin rani su dawo da farkon ruwa. Amma ya san wasu da suka tafi da irin wannan fuskar, kuma ko labarinsu ba a sake ji ba. Idan Aƙilu ya tafi da waƙar nan a kunnensa, ya tafi ke nan.

Washegari ya ɗingisa zuwa gidan Mamuda.

"Sarkin Kiɗa, me ya sa sai ka zagi mutum kafin gangarka ta yi daɗi?"

"Haka na gada, Me-ya-sa. Ubana ya zagi ubanka, ubanka bai mutu ba."

"Wa ya sassaƙa maka gangar nan?"

"Kai ne. To za ka ƙwace ta?"

"Ba zan ƙwace ba. Gayya ɗaya nake roƙo. Ka yi kirari, ka bar zambo, mu ga abin da zai faru."

Mamuda ya yarda, don shi ma yana son ya gani. Abin da suka gani bai yi wa kowa daɗi ba. Da maza suka fahimci ba wanda za a yi wa waƙa, sai jiki ya yi sanyi. Wannan ya tsaya gyaran wando, wancan ya tafi shan ruwa ya daɗe. Rana ta yi tsaka ba a ci rabin gona ba. Mai gonar, wanda matansa suka wuni dama fura, ya zo har gindin ɗorawa ya wanke Labo tas. Aƙilu kuma, ko da babu zambo, shi ne dai na baya.

Wannan ne ya tsaya wa Labo a rai. Ashe ba waƙar ce ke mayar da yaron baya ba. To mene ne? Ƙarfi dai yana da shi, shi kaɗai yake ɗauko gungumen turmi daga daji.

Daga nan Labo ya riƙa zuwa kowace gayya, ya sami tudu ya zauna. Kowa idonsa na kan na gaba, shi kuwa na baya yake kallo. Sai ya lura ba Aƙilu kaɗai ba ne, akwai wasu samari da kullum su ne a wutsiya, kuma nomansu iri ɗaya. Da an buga ganga sai su zabura kamar an kora su, su sara a kan kowane bugu, ƙafafu a miƙe, baya a ƙage. Kafin a kai tsakiya numfashi ya ƙare.

Duk wanda ya kawo gyaran ƙota sai Labo ya tare shi: "Wa ya koya maka riƙon garma?" Dariya ake yi masa. Noma ai ba karatu ba ne da za a zaunar da mutum. Baƙo, sarkin noman yankin, Bamaguje daga gidajen da ke ƙetaren rafi, shi ya fi kowa dariya.

"Ba wanda ya koya mini, Malam Labo. Ni dai na buɗe ido na gan ni a gefen tsohona, yana sara ina sara."

Labo ya kawo maganar gida yana juya ta. Ladidi na tankaɗe, ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, kai da ka tambayi duk garin nan, ka tambayi kanka mana. Aƙilu a gefen wa ya yi sara?"

Maganar ta daki Labo. Ya shiga lissafa samarin nan a zuci. Wannan maraya ne. Wancan ubansa na wurin haƙar kuza, sai shekara-shekara. Ɗayan ubansa makaho. Nasa kuwa, a gefen gurgu ya tashi, yana miƙa masa gizago. Kowane uba a garin ya ɗauka noma a jini yake, don bai taɓa lura da ranar da ya ba ɗansa shi ba.

Da safe ya ƙetare rafi. Ya tarar da Baƙo a tsakanin rumbunansa yana wasa garma.

"Lale da Malam! A kawo maka ƙwarya ɗaya ta wadda ba ka sha?"

"Riƙe abarka, Sarkin Noma. Gefenka na zo aro."

"Gefena? Na dama ko na hagu?"

Labo ya yi masa bayani. Baƙo ya sosa ƙeya, ya ce shi bai iya koyarwa ba, kuma bai taɓa jin an tara 'ya'yan wasu ana nuna musu abin da kowa ya sani ba. Labo ya ce ba sai ya ce uffan ba, ya yi nomansa kawai, yaran su tsaya kusa. Kuma gonakin iyayensu mata za a yi, waɗanda ciyawa ke neman cinyewa. Baƙo ya ce zai zo sau ɗaya, don ya ga ƙarshen haukan.

Ya zo, da wasu dattawa biyu da Labo ya lallaso. Aka jera, kowane saurayi da babba a gefensa, babu ganga. Labo na binsu a ɗingishe yana abin da ya saba.

"Sarkin Noma, me ya sa kake lanƙwasa gwiwa kafin ka sara?"

"Ni? Ina lanƙwasawa?" Baƙo ya sake sara yana kallon ƙafarsa. "Kai! Ashe kuwa."

"Me ya sa ba ka danna garmar?"

"A kan me zan danna ta? Ai tana da nauyinta. Ɗaga ta ne aikina, faɗuwa aikinta."

"In ganga ta yi sauri fa?"

"Ganga ta Mamuda ce, bayan nawa ne. Ta buga biyu, in sara ɗaya." Ya juya ga Aƙilu. "Kai ɗan Malam, ka ji? Kana sara kamar kana kashe maciji. Saki kafaɗar nan."

Baƙo ya fi kowa mamakin abin da ke fita daga bakinsa. Mutumin da ya ce sau ɗaya zai zo, shi ya riƙa riga kowa isowa. In an tashi sai a taru a gindin ɗorawa, Ladidi ta aiko da kunu. A nan hira ta wuce garma. Samarin suka fara tambayar abubuwan da ba su da wanda za su tambaya: yadda ake gane rumbun da gara ta shiga, yadda ake gaida surukai, abin da mutum zai yi in zuciya ta ɗebe shi a gaban manya. Har wani magidanci da matarsa ta rasu, ya daina shiga mutane, ya fara zuwa yana zama a gefe, wata rana aka ji ya sa baki. Musulmi da Maguzawa, tabarma ɗaya. Masu wucewa suka sa wa wurin suna makarantar 'yan baya, suna dariya, amma sunan bai kori kowa ba.

Hannun Aƙilu ya faɗa. Labo na ganin haka ya fara jin sanyi a ransa, sai ga yaron ya zo masa da wata magana ana gobe babbar gayyar huɗa a gonar Baƙo.

"Baba, in na wuce gobe, ai wani ne zai zama na baya. Cikinmu ne kuma, mu da muke shan kunu tare. Waƙarsa za a kai rijiya. In haka ne gara ni, tunda na riga na saba, kuma tafiya zan yi."

Labo ya ga gaskiyar yaron. Ya gwada hana zambo, gona ta kwana. In an bar zambo, dole ya sauka a kan wani. Ranar nan har magariba yana gindin ɗorawa yana fiƙe wani reshen marke, bai tambayi kowa komai ba, har Ladidi ta leƙo ta ga ko lafiya.

Gayyar Baƙo ta tara mutane har daga wajen Kafur. An ajiye tulunan giya a inuwa ɗaya, ƙoren fura a wata. Maza suka jeru, Mamuda ya gyara ratayarsa. Sai ga Labo ya fito daga bayan taro, ya tuɓe riga, riƙe da garma mai sabuwar ƙota doguwa, ya ɗingisa ya kama kunyar ƙarshe.

Sai dariya ta ɓarke.

"Me-ya-sa, me ya sa?" in ji Mamuda.

"Buga gangarka, Sarkin Kiɗa. Yau na kawo maka nama har gida."

Aka buga. Baƙo ya fita kamar iska, ya cilla garmarsa sama ya cafe, aka yi masa kirari. Saura suka biyo. Aƙilu ya fita a tsakiyar mutane, ba na gaba ba, ba na baya ba, ba wanda ya ko kalle shi. Duk ido na kan Labo, wanda bai kai ko rabi ba, yana sara ɗaya yana jan ƙafa. Mamuda ya zo ya tsaya a kansa, ya zuba masa zambon da bai taɓa yi wa kowa ba: mai ƙafa ɗaya da rabi, ya sassaƙa wa duniya ƙota ya rasa ta kansa, kunkuru ya wuce shi ya dawo ya gaishe shi. Labo ya dafa garma, ya karkace, ya taka rawa da gurguwar ƙafar, 'yammata suka faɗi ƙasa don dariya.

Aƙilu ya kasa jurewa. Ya shiga kunyar Labo daga ɗaya ƙarshen yana sara da sauri don ya tarye shi. Labo ya ɗago, gumi na zuba.

"Kai, fita mini daga gona! Wannan gurbin nawa ne. Na daɗe ina son in san abin da ake ji a nan."

"To me ake ji, Baba?"

"Ciwon baya. Je ka sha fura."

Bayan girbi Aƙilu ya tafi, amma ba Kaduna ba. Funtua ya je, wurin gurzar auduga, tare da biyu daga cikin abokan kununsa. Ladidi kuwa kullum sai ta share ɗakinsa. Ran da aka yi ruwan shuka, da hantsi, Labo na gindin ɗorawa ya hango dogon mutum tafe da ƙunshi a ka. Aƙilu ya tsuguna ya gaishe shi, ya ce a duba masa ƙotarsa, ya ji kamar ta yi sako-sako.

Daga wannan shekara, duk gayyar da aka yi a Unguwar Marke, kunyar ƙarshe ta Labo ce, har tsufa ya hana shi. Zaman gindin ɗorawa ya ci gaba, yaran da aka tsaya a gefensu suka zama masu tsayawa a gefen wasu. Waƙar da Mamuda ya yi masa kuwa har yau tsofaffin mata na tuna ta, kuma an ce shi da kansa yakan rera ta yana sassaƙa, in ya zo wani baiti ya tsaya ya ce, "Amma me ya sa kunkuru?"