Rakiyar Baba Sallau

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki bayan kasuwar Malanville, can ƙarshen layin masu albasa, ya san shagon Mairo Halliru ko da bai riƙe sunanta ba. Keke shida ne a ciki, da tsakar gida mai bishiyar dogon yaro ɗaya a baya. Ita kuwa Mairo gajeriyar mace ce mai jinkirin magana, irin mutanen da za ka gama surutunka kaf kafin ka gane tun ɗazu sun yanke abin da za su yi. 'Yar Gaya ce. A 1992 ta ƙetaro kogi tana amaryar wani tela mai suna Alasan, kuma a hannunsa ta koyi yanka da ɗinki, tana goyon 'yarsu Na'ima.

Aikin tela aikin zama ne, kowa ya sani. Amma a da ko ba komai ƙafa ce ke taka keke, gwiwa na motsi. Da Alasan ya sa wa kekunansa injin lantarki a 2005, har walima aka yi, aka ce wahala ta ƙare. To, ta ƙare ɗin. Mutum ya zauna tun hantsi, a kawo masa shinkafa da wake a kan keke, a kawo shayi mai kauri sau uku, ya yi salla a tabarmar da ke gefen ƙafarsa, da magariba ya hau babur ya tafi gida. Shekara shida ana haka, wata rana bayan azahar Alasan ya kife a kan rigar da yake ɗinkawa. Hawan jini ne. Kwana uku ya yi ba magana, ya cika.

Da Mairo ta fita takaba dangi suka ce ta sayar da kekunan ta huta. Ta saurare su da ladabi, ta yi musu godiya, washegari ta buɗe shago.

Abin da ya riƙe shagon a lokacin ba ita ba ce, kuma ita ce ta fara faɗin haka. Baba Sallau ne. Shi ya koya wa Alasan riƙe almakashi, kuma a garin nan babu mai fitar da aikin wuyan babbar riga kamarsa. Saboda shi alhazan Guéné da na Gaya suke aiko da shaddarsu. Ya haura sittin, ga jiki, ga taurin kai na mutumin da ya san ba a yi sai da shi. Mairo ta ɗauke shi uba, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Wata ranar Talata wata ma'aikaciyar asibiti mai suna Husaina ta zo karɓar ɗinkinta, da abin awon jini a jaka. Mairo ta roƙe ta ta auna kowa. Da aka zo kan Sallau, Husaina ta auna, ta sake aunawa, ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura har igiyar takalmi ta nutse a ciki. Sannan ta ja Mairo gindin dogon yaro.

"Tsohon ga, tansiyonshi ya hau ƙwarai, hawan jini na," in ji ta. "Magani za mu ba shi, amma magani kaɗai ba ya isa. A rage gishiri da sikari, kuma shi taka ƙasa kullum. In bai tashi bisa kujerag ga ba, ina jin tsoron hanyar maigidanki za shi bi."

Wannan magana ta tayar wa Mairo da hankali. Ta riga ta ga yadda ake fitar da mutum daga wannan ɗaki a kan tabarma, kuma ba ta da zuciyar sake gani.

Ba ta da abin kashewa, sai dabara. Ta sa aka fitar da randar ruwa daga cikin shago aka kai gindin dogon yaro. Ta sa kafinta ya ƙara wa teburin yanka tsawon ƙafa, yadda ba a yanka sai a tsaye. Dutsen guga ya koma ƙarshen tsakar gida. Sikarin shayi kuwa ta riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, yadda sai da aka yi wata biyu kafin wani ya lura ya fara ƙorafi. Cikin ɗan lokaci telolin nan huɗu suka fara sauƙin jiki, ciwon bayan da suke kuka da shi ya ragu.

Sai dai wanda aka yi abin dominsa ko gezau. Da Sallau ya ɗaga kai ya dubi wajen randa, kafin ya motsa mutum biyu sun tashi suna rige-rigen kawo masa moɗa. In zai yi guga, a karɓe. In zare ya faɗi, a ɗauko. Wa zai zauna yana kallon dattijo ya tashi ɗiban ruwa da kansa? Tarbiyya ce, ba za ka ce laifi ba ne, amma tarbiyyar nan ita ke ƙara danne tsohon a kujera. Duk nisan da Mairo ta ƙara wa randa, matasan ne suka ci ribarsa.

Ta gwada magana. Ta durƙusa gefen kekensa ta ce, "Baba, likita ta ce ku riƙa taka ƙasa ko kaɗan ne."

Bai ko tsayar da injin ba. "Maman Na'ima, tun ba a haihe ki ba nike zamne bisa keke. Da zama na kashe mutum, da yanzu an manta inda kabarina yake. Bar ni in cika wuyan rigag ga."

Ta tashi ta koma teburinta ranta a ɓace.

Ana haka wata la'asar sai ga Issufu, taubashin Sallau, mutumin Garou da ke noman shinkafa a fadamar bakin kogi. Siririn tsoho ne busasshe, ba ya hawa komai sai ƙafarsa, bakinsa kuma ba ya hutawa. Suka gaisa, suka zazzagi juna yadda taubasai suka saba. Da Issufu ya miƙe zai tafi, Mairo ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba: Sallau ya kashe injin, ya dafa gwiwa, ya tashi. Babu wanda ya yi yunƙurin karɓar masa. Rakiyar babban baƙo ba a aika yaro, kuma ba a yin ta a kan babur. Suka taka har bakin layi, Issufu ya ce a koma haka nan, Sallau ya juyo.

Washegari da safe Mairo ta sami Issufu a fadama, ƙafarsa cikin laka. Ta gaya masa abin da likita ta ce. Roƙonta ɗaya ne: ya riƙa biyowa ta shago kullum bayan la'asar, in Sallau ya fito rakiya kada ya yi saurin sallamarsa.

Issufu ya yi dariya har ya saki fartanya. "To ni mi za ni samu?"

"Babbar riga ran salla, Baba Issufu."

"Ko ba riga na yarda. In ga tumbin nan nashi yana yawo bisa titi, ya ishe ni."

Rana ta farko, da suka kai bakin layi Sallau ya rage tafiya, ya yi gyaran murya, ya ce, "To." Issufu ya yi kamar bai ji ba, ya ɓalle da labarin dorinar da ta shiga gonar wani ta cinye rabin shinkafa. Mai rakiya kuwa ba ya juyawa sai baƙo ya sallame shi, in ba haka ba ya zama kamar ya kore shi. Haka Sallau ya bi shi har tasha, ya dawo yana haki, yana cewa wannan mutum Allah ya yi shi ba birki. Bayan mako biyu suna kaiwa inda manyan motoci ke jera jiran duwan, wato kwastan. Kafin damina ta tsaya suna kaiwa gada, su tsaya su kalli masu kwale-kwale, sannan Issufu ya ce a koma haka nan.

Mairo ta ƙara da nata. Ta ce daga yau bayan la'asar a kashe injina rabin awa, su huce. Injina ba su ce suna jin zafi ba, amma babu wanda ya yi gardama, don telolin sun gano babu abin dariya a garin kamar bin tsofaffin nan a baya ana jin yadda suke yanka juna. Sai ya zama shagon gaba ɗaya yana zuwa gada ya dawo. Masu albasa har saita agogo suke da wucewarsu. Da Husaina ta sake aunawa bayan wata biyar, ta dubi Mairo ta gyaɗa kai, ta ce a ci gaba da maganin, a ci gaba da duk abin da ake yi. Ranar Mairo ta shiga bayan randa ta share hawaye.

Abin da ta manta shi ne, sirri a bakin Issufu ba ya daɗewa.

Kashegarin babbar salla ya shigo shago cikin shuɗiyar shadda yana taku ɗai-ɗai, ga mutane cike ana barka da salla. Sallau ya gane rigar nan take, don mako biyu ya yi yana aikin wuyanta, a zatonsa ta wani alhaji ce.

"Kai kuma ina ka sato rigar mutane?" in ji shi.

"Sata? Ladan kiwo na. Wata bakwai ina kora ka gulbi kullum kamar sa, ka ce uwar ɗakinka ba ta biyana?"

Aka fara dariya, sai aka ga Sallau ba ya yi. Ya juyo ya dubi Mairo. Da ta so da ta ce wasan taubasai ne, kuma da an yarda. Amma ba ta iya yi masa ƙarya ido da ido ba, sai ta sunkuyar da kai. Tsohon ya naɗe almakashinsa cikin tsumma, ya hau babur ya tafi, bai yi wa kowa sallama ba.

Kwana takwas kekensa na rufe. Issufu ya je ba da haƙuri aka ce masa mai gidan na barci. Aka fara cewa wani shago a Gaya na neman Sallau. Alhazai su tafi da shaddarsu, wannan bai dami Mairo ba kamar yadda mutane suka zata. Abin da ya hana ta cin abinci shi ne ta san inda yake: kwance a tabarma a zaure, ana kawo masa ruwa, ana kawo masa shayi. Ta kunyata dattijo a gaban mutane, kuma ta mayar da shi inda ta ɗauko shi.

Rana ta tara, ranar Juma'a da shago ke rufe, bayan la'asar ta ji sallamar Sallau a ƙofar gidanta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Na'ima da yaranta. Sannan ta durƙusa.

"Baba, na yi muku laihi, ku gahurta mini. Tsoro ne yas sa ni. Na ga an hitar da Baban Na'ima daga ɗakin nan, ba ni iya ganin an hitar da ku."

Ya shanye ruwansa, ya ajiye moɗa, ya ce, "Ni za ni tahi."

Ta ɗauki mayafi ta bi shi zuwa ƙofa. Bai sallame ta ba. Suka fita titi, ta ɗan ja baya tana jiran sallama, shi kuwa ya ci gaba da tafiya hannuwansa a baya. Suka wuce kasuwa, suka wuce tasha. Wajen manyan motoci gwiwoyinta suka fara ciwo, numfashinta ya yi sama, sai a lokacin ta tuna shekara biyu ke nan tana tayar da mutane daga kujera ita tana zaune a tata. Tsohon da ke gabanta ko haki ba ya yi.

A bakin gada ya tsaya, ya daɗe yana kallon ruwa.

"Gobe ki sa a share mini keke," in ji shi. "Ki gaya ma wancan mahaukacin shi ci gaba da zuwa, amma kyauta. Ke ma ki riƙa biyo mu, na ji yadda kike numfashi."

"To, Baba."

Sannan ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Kwana takwas ba hushinki nike ba. Shekara ashirin da biyar muna zamne da Alasan, kekena jikin kekenshi. Yana ce mini kanshi na ciwo, ina ce mishi shi sha shayi. Ban taɓa raka shi ko bakin layi ba, don shi ba baƙo ba ne. Sau ɗaya na raka shi, Maman Na'ima, kuma ran nan ɗauke da shi munka tahi."

Mairo ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ya bar ta ta yi kukanta har ta gama, bai dube ta ba, sannan suka juya tare suka kama hanyar gari a hankali.