Des Purton, Mutumin da Ya Kashe Mana Ƙwallo Ranar Asabar

Shekara talatin da huɗu ke nan, ƙarfe bakwai na safe ba ta samun Des Purton a gida. Zai ɗaure tsani a bayan akori-kurarsa, ya karɓi fulas ɗin shayi daga hannun matarsa Glenys, ya bi tsohuwar hanyar da motoci suka daina bi tun da aka rufe ramin ma'adinai, har inda taya ke iya zuwa. Sauran a ƙafa yake ƙarasawa. A kan dutsen akwai eriya da wani ɗan ɗaki na kwano. Zai kankare tsatsa, ya kori duk abin da ya kwana a ciki, ya taɓa kowace mahaɗa da hannunsa, sannan ya gangaro yana bin wayar da ido, turke bayan turke, har cikin gari.

Garinmu Garrick a ƙasan kwari yake, duwatsu sun rufe shi ta ko'ina, don haka hoton talabijin bai taɓa sauko mana da kansa ba. Des ne ya kamo shi a sama, ya zuro shi ta waya ɗaya da ta ratsa gida ɗari da arba'in. Wannan wayar muke kira kebul. "Kebul ya ɗauke." "Reshe ya faɗo wa kebul." Da kalmar aka yaye mu, ita ce kuma ta so ta kai mu ta baro.

Da za a kashe tsohon tsarin watsa hoto a koma na dijital a watan Afrilu, takarda ta zo kowane gida. Ta ce tsohuwar talabijin sai an haɗa mata dikoda. A can ƙasa kuma ta ce masu kallo ta kebul ba sa bukatar yin komai. Gari ya karanta layin nan, ya sauke ajiyar zuciya, ya hura murhu da takardar.

Kakata Thelma ba ta ƙone tata ba. Shekarunta tamanin da shida a lokacin, ita kaɗai a gida tun rasuwar kakanmu, ƙashin ƙugunta kuma ya hana ta sauka ko da matakala uku. Talabijin ce muryar da ke cikin gidan bayan tata. Ɗanta, Kawu Graham, ya daɗe yana neman dalilin da zai ɗauke ta zuwa gidan tsofaffi a birni, ita kuma ta rantse sai dai a fitar da ita a miƙe.

Da Des ya zo mata da bayani, gilashin karatu ta ɗora a kan layin ta tura masa.

"Karanta, ɗan nan. Ko sanyin dutse ya cinye maka ido?"

"Na karanta, Thelma. Ba mu ake nufi ba."

"Mene ne wancan a bango?"

"Kebul."

"To!"

"Kebul ɗin da suke faɗa na 'yan birni ne, wanda kamfani ke turo musu tashoshi ta ciki. Namu eriya ce kawai mai doguwar jela. Abin da ta kamo a iska shi take kawowa. Ran da aka kashe tsohon, akwatin nan naki ba zai gane sabon ba."

"Shekara talatin kana ce min kebul, yau kuma ya zama jela? Shanye shayinka ka kama hanya."

Haka ya sha a kowace ƙofa. Ya liƙa sanarwa a gidan waya, aka zana mata gashin baki. Ya kira taro, mutum tara suka zo, huɗu don biskit. Clarrie Baldock mahauci, abokinsa tun suna 'yan firamare, ya ɗaga murya daga bayan kanta yadda kowa zai ji: "Dikoda nawa ka jibge a gareji, Des? Faɗa mana mu san girman tsoron da za mu ji!" Des bai taɓa sayar da ko batir ba, kuma Clarrie ya sani.

Na yi karatu a birni, na ji yadda ake ba da labarin nan ana dariya, wai ƙauyawan da ba su iya karanta takarda ba. Sarai muka karanta. Wanda ya rubuta ta bai san akwai garin da ya kira wayarsa kebul tun kafin a haife shi ba. Kalmarmu ce, kuma ba ma jin kunyarta. Amma mutum ɗaya tak a Garrick ya san abin da ke gudana a cikin wayar, ba sunanta kaɗai ba.

Sai wata Asabar cikin watan Agusta, ana tsakiyar ƙwallo, maki uku ne tsakani, hoto ya ɗauke a gida ɗari da arba'in a lokaci guda. Allo ya koma dishi-dishi, sai ƙarar shuuu. Kafin minti ashirin mutane sun cika gindin dutsen cikin yayyafi, wasu da silifas. Suka tarar da Des zaune a bayan mota, fis ɗin da ke kai wa eriyar wuta a tafin hannunsa.

"Me ya lalace?" in ji Clarrie.

"Ba abin da ya lalace. Ni na cire."

"Kai, ka haukace? Ranar Asabar?"

"Ku koma ku kalli allonku da kyau," in ji Des, bai ko miƙe ba. "Abin da za ku gani ke nan a watan Afrilu. Na yau awa ɗaya ne. Wancan ba mai hawa ya mayar."

Awa ɗayan nan sai da ta cika cif kafin ya hau ya mayar, ƙwallo kuwa an tashi.

Kada wani ya ce gari ya gode masa. An dai tsorata, aka fara sayo dikoda, amma an yi wata uku ba mai ɗaga masa hannu a hanya. A kasuwar tara wa coci kuɗi, kek ɗin Glenys ya dawo gida ko yanka ɗaya ba a yi ba. Duk da haka Des ya sauya na'urorin kan dutse, ya haura da su a bayansa ɗaya bayan ɗaya, yana da shekara sittin da uku. Ya shiga gidajen da ake buɗe masa ƙofa ba a kallon fuskarsa, ya durƙusa bayan akwati cikin ƙura, ya haɗa, ya nuna, ya dawo jibi ya sake nunawa.

Kaka ce ta ƙarshe. Ta bari an haɗa, amma rimot biyu, na talabijin da na dikoda, suka gagare ta. Ta danna wannan hoto ya tafi, ta danna wancan murya ta tafi. Kwana biyu ta yi zaune gaban baƙin allo ba ta gaya wa kowa ba, don kada labari ya kai birni. Des ya lura labulenta ba ya walƙiya lokacin labaran yamma, ya ƙwanƙwasa.

"Idan Graham ya ji na kasa kunna talabijin, shi ke nan," ta ce masa, ba ta ɗago ba. "Zai ce kaina ya fara taɓuwa."

"Kanki lafiya lau. Abin ne aka yi wa masu yatsun sauro."

Ya naɗe rimot ɗaya da salatif, ya bar maɓalli uku kacal. Ya ciro maɓallin rigarsa ya manna a kan na kunnawa don yatsa ya ji shi ko ido bai gani ba. Ɗaya rimot ɗin ya jefa a aljihu. Kwana tara a jere yana zuwa da hantsi, har sai da ta ce masa, "Ka ishe ni, na iya." Da Kawu Graham ya zo da takardun gidan tsofaffi, ya same ta tana sauya tasha tana zagin alƙalin wasa. Da takardunsa ya koma.

Ranar Talatar da aka kashe tsohon tsari, ƙarfe tara na safe, Des yana zaune a falon Kaka. A shagon nama, tsohuwar talabijin da Clarrie ya ƙi haɗa wa dikoda don ya gani da idonsa ta mutu nan take. Ta Kaka ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta dubi agogo, ta dubi Des.

"Ka gani ko? Na faɗa maka mu 'yan kebul ba abin da zai same mu."

"Kin faɗa, Thelma," ya ce, ya miƙa hannu ya ɗauki biskit.

Des na Glenys, mai tsani a kafaɗa. Kai ne ka yarda gari ya tsane ka wata uku don kada tsofaffinsa su zauna cikin shiru. Da ka yi gum ka jira Afrilu, da kowa ya zo yana ba ka haƙuri, da ka ci gardama. Ba ka nemi cin gardama ba. Ƙarshen watan nan gwiwoyinka za su sauke ka daga dutsen, kuma ban ji an ce za a rubuta sunanka a wani bango ba, shi ya sa na rubuta shi a nan.

Mun gode, Des. Duk wanda ya san wata gaskiya da mutanensa ba sa son ji, ya faɗa kamar yadda ka faɗa, sannan ya tsaya ya yi durƙuson da ke biyo baya. Kaka ta cika shekara tamanin da tara a makon jiya, a cikin ɗakinta, a kan kujerarta.