Ciyawar da Malam Ya Bar Mini

Kwana tara kafin rasuwarsa, Malam ya shuka ciyawa a filin da ke gaban ɗakunanmu. Malam mijina ne, haka nake kiransa tun muna haya a Kurmin Mashi, ko da yake shi ba koyarwa yake yi ba, ma'aikacin gwamnati ne a sashen awon filaye. Ni ce malamar makaranta. Shekara guda ke nan da tarewarmu a gidan da muka gina a Katabu, ɗakuna uku da fili a gaba, cikin katanga, wanda aikin gini bai kai kansa ba. Jar ƙasa ce kawai da ɓaraguzan bulo. Na ɗauka siminti za a malala, ko kuma a bar ni in sa kuɓewa da alayyafo.

Da ruwan farko ya sauka sai ya duƙufa a kan filin nan. Asabar uku a jere yana kaftu, yana tsince duwatsu a tsohon bokitin fenti, yana baje ƙasa da manjagara. Ran nan ya shigo da wata leda, ya zazzage abin cikinta a daro, ƙwayoyi ƙanana da ko gero ya fi su girma. Ya cuɗa da yashi, ya bi fili yana watsawa, sannan ya kafa turaku ya zagaye wurin da igiya.

Na ce, "Malam, me ka shuka ne?"

"Ciyawa."

"Ciyawa kuma? Wadda ake nomewa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ki bari ta fito tukuna, zan yi miki bayani. Kada dai a taka."

Bayanin da bai yi ba ke nan. Ranar wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a ofis, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa.

Kwanakin zaman makoki ban san abin da ke gudana a waje ba. Daga baya na ji cewa da mutane suka yi yawa, wani ya kwance igiyar ta gefe ɗaya aka shimfiɗa tabarmi. Ba laifin kowa ba ne, wa zai ga fili a share ya ce shuka ce? Sai bayan kwana bakwai, da jama'a ta ragu, na fito da safe na tsaya a baranda. Rabin filin, inda aka zauna, ya daɓe kamar an yi masa daɓe. Ɗaya rabin kuwa ya yi wani kore-kore mai laushi, in ka matsa kusa sai ya ɓace, ka ga ƙasa kawai da 'yan siraran tsiro kamar gashin jariri.

Yayar Malam ce ta zauna da ni domin takaba. Yaya nake ce mata. Ta girme shi da shekara shida, kuma duk rayuwarta a ƙauyensu ta yi ta, can gaba da Zariya, matar manomi ce. Ba ta iya zama hannu sake. Sati biyu da zuwanta na fito daga wanka na tarar da ita a durƙushe a tsakiyar filin, ta riga ta tara tsiro cike da faranti.

"Yaya, me kike yi? Malam ne fa ya shuka!"

Ta ɗago ta dube ni. "Ya shuka me?"

"Ciyawa."

Ta daɗe tana kallona, na san tana tunanin ko rashin ne ya taɓa ni. Sai ta ce a hankali, "To, wacce daga ciki? Ga mai faɗin ganye, ga mai tsini, ga wannan siririyar. Wacce ce tasa?"

Na durƙusa kusa da ita na duba. Wallahi ban sani ba. Na ga ƙwayar a daro da idona, amma ban taɓa ganin abin da take zama ba. Muka yi ta juya tsiron a tafin hannu. A ƙarshe na ce ta bari kawai, kada a cire komai. Ta zubar da na farantin ta wanke hannu.

Na kira babbar 'yarmu da ke aure a Kano. Ta ce in ba ta minti goma, ta sake kira tana karanto mini daga waya. A riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan sau biyu a rana. Kada ruwa ya yi mata yawa. A cire baƙin ciyayi tun suna ƙanana. Kada a taka ta sai ta yi ƙarfi.

Na ce, "Dakata. Yaya zan cire ban taka ba?"

"Umma, haka dai suka rubuta."

"Kuma ruwan nan da ake kwana biyu ana zuba mana, kaɗan-kaɗan ne ko mai yawa?"

Ta sake dubawa. Ta ce sun yi maganar lokacin da ƙanƙara ke narkewa, da lokacin da ganye ke zuba, ba ta ga inda suka ambaci damina ba. Ta ƙara da cewa in ta kai inci uku sai a yanka, amma kashi ɗaya cikin uku kawai. Na ɗauko rula daga jakar makaranta na tsaya daga bakin igiya na miƙa hannu. Wata ta kai inci biyar, wata ko ɗaya ba ta kai ba, wata ma kwance take bin ƙasa, ban san ta inda zan auna ta ba.

Haka na wuni kwanaki. Mai takaba ba ta da inda za ta je, kuma duk ta inda na leƙa filin nan nake gani. Da safe in ce yau zan sa a nome a huta. Da yamma in tuna Asabar ukun nan da bokitin fenti, in fasa.

Wajen kwana arba'in wani dattijo ya zo gaisuwa. Shi ke kula da furanni da ciyawar ofishin su Malam, bai samu zuwa da wuri ba saboda jinyar ƙafa. Yaya ta shimfiɗa masa tabarma a baranda, ni ina daga cikin falo ta bayan labule. Bayan addu'a sai na ji ya ce, "Ashe dai sai da Oga ya shuka ta."

Na ce, "Baba, ka san da maganar?"

"Ni ya fara tambaya, Hajiya. Na ce masa mu nan dasawa muke yi, a saro mai saiwa a jera a ƙasa. Shekarata talatin a aikin nan ban taɓa shuka iri ba. Ya ce shi iri yake so."

Ya tashi yana ɗingishi ya je bakin igiya, ya tsinko siririyar nan mai bin ƙasa ya ɗaga. "Wannan ce tasa. Sauran duk baƙi ne."

Yaya ta karɓa ta kai kusa da ido. "Haba dai! Wannan ai kiri-kiri ce. Ita ce ke hana mu sakat a gona, ka nome yau gobe ta dawo."

"Ita ce, Hajiya. Amma wannan ta kanti ce."

"To mene ne bambancin?"

Ya yi ɗan tunani ya ce ta kantin ta fi laushi, in an kula da ita. In ba a kula ba kuwa duk ɗaya ne.

Yaya ta zauna a kan dakali. "Ƙanina, da iliminsa, ya je kanti ya sayo kiri-kiri."

Na tambayi dattijon ko Malam ya faɗa masa dalili. Ya ce a ganinsa gaban ofis yake son kwaikwaya, don yakan tsaya ya kalla in ana yanka. Yaya ta ce a'a, ita ta taɓa jin ana cewa masu hawan jini su riƙa taka ɗanyar ciyawa ba takalmi, wataƙila likita ne ya sa shi. Da na gaya wa 'yata ta ce, "Umma, don jikoki ne mana, su samu wurin birgima." Kowa da tabbacinsa. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya da mutumin, na san yadda yake son shayinsa da ƙafar da yake fara sa wa safa, ni kaɗai ce ban da amsa. Ban taɓa jin ya yaba wata ciyawa ba.

Kafin dattijon ya tafi ya koya mana abu biyu. In za mu cire baƙi, mu shimfiɗa katako mu durƙusa a kai don kada ƙafa ta nutse. In kuma muna son sanin ko ta isa yanka, mu kama ganye mu ja. In ganyen ya tsinke saiwa ta tsaya, ta isa. In ta taho da saiwa, a ƙara jira. Maganar inci uku kuwa ya ce bai san ta ba.

A cikin sito, ƙarƙashin tamfol, na sami injin yankan da Malam ya saya ban sani ba. Ƙarfe ne mai taya biyu da dogon mariƙi, a tsakiya ga wuƙaƙe a murɗe. Na juya shi ta ko'ina ina neman inda ake zuba mai. Yaya ta ce wataƙila na lantarki ne, muka nemi waya, babu. Sai da na ja shi zan mayar, wuƙaƙen suka juya da kansu suna ƙara, muka yi baya mu duka. Ashe turawa kawai ake yi.

To amma ga ruwa. Watan Agusta ya kama, kullum ƙasa a jiƙe, dattijon kuma ya ce kada a yanka a jiƙe. Na yi ta jan ganye, wani ya tsinke, wani ya taho da saiwa, a wuri ɗaya. Ina cikin wannan lissafi ciyawa ta kai tsakiyar ƙwauri, sauro ya samu gida. Maƙwabciyata ta shigo ta ce mijinta yana tsoron maciji, in ba damuwa su yanka wa tumakinsu. Na ce zan yi shawara, alhali ban san da wa zan yi ba.

Da aka samu kwana uku ba ruwa, na fito da hantsi na ɗaura ɗankwali na jawo injin. Yaya ta ce, "Anya mai takaba na wannan aikin?" Na ce ai ban fita daga gida ba. Ta ce haka ne, amma ita dai ba ta taɓa gani ba. Na tura, taku biyu ya cije, ciyawa ta nannaɗe wuƙaƙen. Na warware na sake turawa, ya sake cijewa. Yaya ta yi tsaki ta shiga ciki, ta fito da laujen da ta aro a maƙwabta tun tuni ta ɓoye. Ta shiga gaba tana yanka irin na gona, har ƙasa, ni ina biye da inji ina ce mata kashi ɗaya cikin uku aka ce, tana cewa kashi ɗaya na me. Kafin azahar mun gama.

Washegari filin ya koma ruwan ƙasa, sai karare kamar tsohuwar tsintsiya. Na tsaya a baranda na ce mun kashe ta. Kukan da na yi a ranar ya fi na wasu kwanakin makokin, kuma ko a lokacin ban iya cewa ga abin da nake yi wa kukan ba. Yaya ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ke dai share hawayenki. Da a ce lauje yana kashe kiri-kiri da tuni mun huta."

Ita ce da gaskiya. Kwana goma ta fara kore daga ƙasa, ta fito a cike fiye da da, har ta miƙa 'yan yatsu zuwa ɓangaren da aka daɓe. Daga nan na riƙa tura injin duk Asabar ta biyu, kuma a gajeriyar ciyawa yana tafiya sumul. Akwai wani ƙarfe a gefensa da ake ɗagawa ko saukewa don tsayin yanka. Na bar shi yadda na same shi, don ban san ko Malam ne ya saita ba ko haka aka sayar masa.

Na fita takaba ruwa na ɗaukewa. Yaya ta koma gida, na koma makaranta. Da ciyawar ta fara bushewa na aika wa dattijon da tambaya, ya aiko cewa in bar ta, barci take yi, za ta farka da ruwan farko. 'Yata ta ce a waya an rubuta lallai a ci gaba da ban ruwa. Na sayi tiyo na jona da tankin rijiya, sai ga shi bai kai ƙarshen filin ba. Duk ranin nan nakan dawo daga aiki in shayar da iya inda tiyon ya kai, in naɗe shi, in shiga in ɗora girki.