Fim ɗin da Aka Hana Sumaila Fassarawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Alhaji Sumaila, wanda mutanen Morrisania, unguwarmu a New York, suka fi sani da Sumaila Mai Sinima. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan tara abokai kaɗan a gidana mu yi masa addu'a. Bana na ga gara in rubuta, domin wani abu ya faru kwanan baya da ya sauke mini nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi.

Sumaila ɗan Zangon Kumasi ne. Yana saurayi aikinsa shi ne ya tsaya a gefen allon sinima yana fassara wa jama'a finafinan Chana. Ba ya jin Sinanci ko kalma ɗaya. Fuska yake kallo da motsin hannu, ya raɗa wa ɗan wasa suna, ya raɗa wa bos suna, ya sa musu magana a baki, 'yan kallo suna amsa masa da ihu. A Abijan muka fara haɗuwa lokacin ina fatauci, sai kuma Allah ya sake haɗa mu a titin 125 na New York, yana zaune a bayan tebur yana sayar da fayafayan fim.

Shekaru kaɗan kafin ya rasu aka kawo wani fim ɗin Chana na barkwanci gidajen sinimar New York. Labarin wani tsohon wanzami ne matsoraci, wanda mutanen gari suka ɗauka gwanin kunfu ne, shi kuwa duk faɗan da ya ci, cikin neman hanyar gudu ya ci shi. Ni mutum ne mai son bin jaridu, sai na riƙa kawo wa Sumaila abin da masu sharhi suka ce. Na Turanci sun rabu biyu. Wasu sun yaba tsara faɗan amma sun ce barkwancin na yara ne, hayaniya ta yi yawa, labarin ba shi da ƙashi. Wasu sun ce daɗinsa ke nan. Na Faransanci da na samu sun ɗauke shi da nauyi har na yi ta mamaki ko fim ɗaya muke magana a kai, don sun yi ta zurfafa tunani a kan wani mutum a fim ɗin da ya faɗa cikin tukunyar rini. Wata 'yar Chana mai shagon wanki a unguwarmu ta ce mini duk su biyun rabin dariyar kawai suka samu, sauran tana cikin harshen, ba ta shiga rubutun ƙasan allo ba.

Sumaila ya gama saurare ya ce, "Alhaji, su masu sharhin nan, su nawa ne a ɗakin da suka kalla?"

Na ce kaɗan ne, ana yi musu nuni na musamman, kowa shiru da alƙalaminsa.

Ya ce, "To ai ba su ga fim ba. Hoto suka gani."

Ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Na shiga sinima a Yamai da Khartum da Bombay da Paris, kuma na san kowane gari da yadda yake kallo. Wanda ya yi shiru ma yana ganin abin da mai ihu bai gani ba. Amma Sumaila bai taɓa zama inda ake kallo shiru ba, kuma wannan ne ya jawo abin da ya faru.

Babban ɗansa Rashid, wanda a lokacin yake ƙarasa karatun haɗa magunguna, ya sayi tikiti ya ce zai kai mahaifinsa ya gani a babban allo. Ya zo da yarinyar da yake nema, 'yar wasu mutanen Kano da ke unguwar Concourse Village, don ta saba da surukinta. Ni ma aka gayyace ni. Ranar Lahadi ce bayan azahar, a wata sinima ta Manhattan. Sumaila ya daure na ɗan lokaci. Da wanzamin ya fara gudu sai tsohon aiki ya motsa, ya ɗaga murya ya kama fassara da Hausa, yana juyowa yana kallon mutane kamar yana jiran amsa. Aka fara tsaki ta ko'ina. Rashid yana jan hannun rigarsa yana cewa, "Baba, please, ka bari." Can sai ga ma'aikaci da tocila, ya roƙe mu mu fita.

A bakin titi Rashid ya ce, "Baba, nan fa ba Kumasi ba ne."

Sumaila ya gyara hula ya ce, "Na gani. A Kumasi a kafaɗa za a fito da ni."

Na yi dariya, yarinyar ma ta rufe baki. Rashid bai yi ba. Daga ranar bai sake fita ko'ina da mahaifinsa ba. Bai yi masa rashin kunya ba, yana gaishe shi, ya kula da shi a jinyarsa, ya tsaya a kan jana'iza yadda ya kamata. Amma bai taɓa zuwa addu'ar da muke yi ba, ko da na aika masa. Abin da ya riƙa cin raina shi ne kada ya zama hoton da yaron nan ya riƙe na mahaifinsa shi ne na tsoho ana haska masa hanyar fita.

Nakan tambayi kaina me Sumaila zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa mai sharhi ne, yana danna taurari a waya. A jirgin ƙasa ina ganin matasa suna kallon faɗan Chana da abin sauraro a kunne, dariya ta zo su haɗiye ta. Ina jin tausayinsu zai ji. Samarin Kano masu sa wa finafinai muryar Hausa kuwa, na tabbata cewa zai yi jikokinsa ne. Shi kansa fim ɗin wanzamin, sababbin masu sharhi sun sake duba shi, yanzu cikin nagartattu suke lissafa shi, kuma hayaniyar da aka kushe a da ita suke yabo.

Kwanan baya Rashid ya kira ni. Ya ce wata sinima mai nuna tsofaffin finafinai za ta sa fim ɗin wanzamin, ko zan raka shi. Na amsa, muka tafi. Ɗakin cike da matasa da suka san fim ɗin ciki da waje, suna tafi, suna yi wa wanzami ihu ya gudu, ba wanda ya yi wa wani tsaki. Da aka tashi muka fito muka zauna shan shayi.

Rashid ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce, "Kawu, ran nan me Baba yake cewa? Kunya ta toshe mini kunne, ban ji ko ɗaya ba. Na sha kallon fim ɗin ni kaɗai a gida, ban iya tunowa."

Na gaya masa abin da na riƙe. Sumaila ya sa wa wanzamin suna Malam Tanko, ya ce ba bos yake gudu ba, mutumin da ya yi wa aski ya bar rabin kai ne ke bin sa. Na gwada muryarsa, ban iya ba. Rashid ya yi dariya har ya kifa kai a tebur, da ya ɗago idonsa ya jiƙe, na kau da kai na ba shi lokaci. Ashe ba fushi ne ya hana shi zuwa gidana ba. Ya ce gani yake yi mu da muka san abin da ya faru ba mu yafe masa ba.

Sumaila bai bar rubutu ba, ba a kuma taɓa naɗar muryarsa yana aikinsa ba. Abin da ya rage nasa yana bakin 'yan tsofaffi irina, muna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta tsoron mu tafi da shi ba wanda ya tambaya. Yanzu an tambaya. Bana Rashid ya zo addu'a da matarsa da 'ya'yansu, ya zauna a sahun gaba, shi ya shafa fatiha. Allah ya jiƙan Sumaila, ya sanyaya makwancinsa.