Ranar da Safaya Ta Ƙi Sauka a Bayan Nangere

Cikin duk shekarun da na yi ina tuƙa motar ofis, ranar da ta ƙi gogewa a raina ita ce ranar da safaya ta ƙi sauka a bayan Nangere. Ku direbobin yanzu kuna yi mini dariya idan kun ga na durƙusa a bayan mota da sassafe ina sauke safaya ina mayarwa, har wani a cikinku ya laƙaba mini Baba Safaya. Na ji, kuma ban ji haushi ba. Amma tunda kun tambaya, bari in gaya muku inda na samo wannan ɗabi'a.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, 'yan shekaru bayan an ba mu jihar Yobe. Lokacin ina ƙaramin direba a wani ofishin kula da lafiyar dabbobi a nan Potiskum. A tsarin aikin, direbobi muna ƙarƙashin jami'in sufuri, wanda muke kira Ti'o. Shi ke ba da makulli, shi ke ba da mai, shi ke cewa wane zai ja wace mota. Namu Ti'on sunansa Malam Garba. Ba mugun mutum ba ne, yana zuwa sunanmu da jana'izarmu, amma a ransa ya gama yanke hukunci cewa kowane direba ɓarawo ne da ba a kai ga kamawa ba.

Aikin ranar shi ne kai allurar rigakafin ciwon huhu ga shanun wasu makiyaya da ke zaune a daji can bayan Nangere. Ga wanda bai san aikin ba, wannan magani ba ya son zafi ko kaɗan. A cikin wata ƙatuwar kula ake jera shi, a danna ƙanƙara a kai, kuma da zarar ƙanƙarar ta narke maganin ya ɗumama, to ya tashi daga aiki. Mai yin allurar shi ne Malam Maina, jami'in kiwon lafiyar dabbobi. Ba likita ba ne, amma duk rugar da muka shiga Dokta ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Sai dai abin da ya fi maganin wuyar samu shi ne yardar mutanen. Waɗannan makiyaya sun daɗe suna gudun allura. Wasu na cewa tana kumbura dabba, wasu na cewa dabara ce ta ƙirga shanu don a dawo da jangali. Ardo Buba, wani dattijo da ya zauna a unguwar Yindiski amma shanunsa da danginsa suna can daji, shi ya yi ta bin su ruga-ruga yana lallashi har suka amince. Ya sa suka tara garkunansu wuri ɗaya, suka yarda ba za a sake su kiwo ko shan ruwa ba sai an yi musu allura. A tsakiyar bazara kuwa, wanda ya san saniya ya san ba ƙaramin abu aka roƙe su ba. Da bakinsa ya ce musu da hantsi za mu iso.

Motar da aka ba ni a-kori-kura ce wadda ba tawa ba, direbanta yana hutu. Irin waɗannan motoci safayarsu a ƙarƙashin bodi take, a rataye da sarƙa. Akwai 'yar kafa a saman lambar baya, nan ake zura dogon ƙarfen nan na jak a murɗa, sai sarƙar ta warware, tayar ta sauko ƙasa a hankali. Kafin mu tashi na leƙa na ga safaya tana nan, na buga ta da sifana na ji iska cike. Ga jak, ga ƙarfensa. Na karɓi makulli a hannun Malam Garba, bai ce mini komai ba sai dai in kula da mai.

Mun wuce Nangere lafiya, muka saki kwalta muka kama burtali. Mun yi nisa sosai, rana ta ɗan ɗaga, sai na ji ƙara a baya, mota ta karkata. Wani kututture ne da yashi ya rufe ya yage tayar baya ta gefe, yagewar da ko mai faci ya gani sai dai ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ban damu ba. Na ce wa Malam Maina ya sauka ya miƙe ƙafa, yanzu za mu wuce.

Na zura ƙarfe a kafar, na ji ya kama, na murɗa. Ko motsi. Na murɗa hagu, na murɗa dama. Na ce tsatsa ce, domin duk wanda ya san hanyoyinmu da damina ya san abin da laka ke yi wa ƙasan mota. Na buɗe gaba na tsiyayo man birki, na kwanta na ɗiɗɗiga a kan abin da ke naɗe sarƙar, na jira ya jiƙa, na sake gwadawa. Na sa sifana a bakin ƙarfen don in sami ƙarfin murɗawa, na kira Malam Maina muka haɗu muka danna. Ƙarfen ne ya fara lanƙwashewa, safaya kuwa tana nan inda take.

“Malam Adamu, ƙanƙara fa ta fara zuba,” in ji Malam Maina. Ya cire rigarsa ta sama ya jiƙa ya lulluɓe kular, ya ja ta zuwa inuwar wata 'yar aduwa da ganyenta bai fi a ƙirga ba.

Muka yi shawarar ɗaukar kular mu taka da ƙafa, amma sai mutum biyu ke iya cicciɓarta, tafiyar kuma za ta kai mu azahar, ƙanƙarar ba za ta kai ba. Ga doka ta hana direba barin motar ofis ita kaɗai a daji. Babu abin da ya rage sai tayar nan ta sauko.

Na sake shiga ƙarƙashin mota, yashi yana ƙona mini baya, man birki yana ɗigo mini a fuska. Na ɗauki sukuddireba na fara kankare baƙin girisin da ya daskare a wurin don in ga inda tsatsar ta ci. Ina kankarewa sai na ga abin da ya sa na ajiye hannuna. Walda ce. An ɗora wa sarƙar walda a jikin ƙarfen da ke naɗe ta, ɗauri mai kauri kamar curin daddawa, sannan aka bi da girisi da ƙasa aka shafe don kada a gani.

Na fito na ce wa Malam Maina ya leƙa. Ya leƙa, ya daɗe a ciki, ya fito yana karkaɗe wando.

“Wane mahaukaci ne ya yi wannan?”

Ni kuwa na san ko wane ne. A lokacin satar safaya ta yi yawa a kasuwar shanu. Mutum zai ajiye mota ranar kasuwa ya shiga kara, kafin ya fito an sauke masa ita. Motocin ofishinmu ma an taɓa yi musu, har aka ba Malam Garba takardar tuhuma. Daga baya muka ji satar ta tsaya cak a wurinmu, yana ta yabon kansa cewa ya samo maganin abin, amma ya ƙi faɗar ko mene ne. Ashe maganin ke nan nake kwance a ƙarƙashinsa. Kuma bai gaya wa direba ko ɗaya ba, saboda mu ne waɗanda yake zargi.

Na yi ta bugun waldar da sifana har hannuna ya fashe. Na samo dutse na buga, dutsen ya dagargaje. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji ina zagin mota da babbar murya, abin da ban saba ba. Babu mota, babu amalanke, babu ko mai jaki da ya biyo burtalin nan. Malam Maina yana zuwa yana buɗe kula yana rufewa, har na ce masa don Allah ya daina, buɗewar ma tana ƙara narkar da ita.

Rana ta take tsaka sai muka hango mai keke yana tahowa yana layi a cikin yashi. Ardo Buba ne, da farar babbar rigarsa ta zuwa taro, ya naɗe ta a kafaɗa, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ya jingine keken, muka gaisa, bai nuna fushi ba.

“Direba, mota ya lalace ne?”

Na ce, “Baba Ardo, taya ce ta fashe.”

“To babu wani taya?”

“Akwai. Ga ta can.”

Ya sunkuya ya kalle ta, sabuwa fil, ya ɗago ya kalle ni. A rayuwata ban taɓa jin nauyin yi wa mutum bayani kamar na ranar ba. Na gaya masa an liƙe ta da wuta don kada ɓarayi su ɗauka. Sai ya ce, “To ku ma ba ku iya ɗauka?” Na ce ba ma iyawa.

Malam Maina ya tambaye shi labarin shanu. Ya ce sun yi ta kuka tun hantsi, maruƙa sun galabaita, mutane suka zo suka tsaya a kansa. Ya roƙe su su ƙara haƙuri, suka ƙara. Daga baya wani ƙanensa ya buɗe nasa garken ya kora zuwa rijiya, sauran suka bi. Shi ne ya ari keke ya biyo hanya, don yana tsoron ko haɗari muka yi.

Tsohon nan bai zauna ba. Ya sake hawa keken ya nufi wani ƙauye da ya san akwai maƙeri, ya dawo mana da kurfin yankan ƙarfe da guduma. Na tokare safayar da jak don kada ta faɗo mini a ƙirji, na shiga na ɗora kurfi a kan sarƙa. Wurin ya matse, hannu ɗaya ba ya iya riƙewa ya kuma buga. Kafin in yi magana sai na ga Ardo ya kwanta a gefena da farar rigar nan, ya karɓi kurfin ya riƙe mini. Na ce ya bari Malam Maina ya riƙe, ya ce hannun Dokta na allura ne, kada in fasa shi. Haka muka yi ta bugu, tsatsa da girisi suna zubo mana, har sarƙar ta tsinke.

Sai bayan la'asar muka isa. Fili ne fetal, sai kashin shanu da sawun kofato. Malam Maina ya buɗe kula, kwalaben suna yawo a cikin ruwa mai ɗumi. Ya ce ko da shanun suna nan ba zai tsira wa dabbar kowa wannan ba. 'Yan mazan da suka rage suna zaune a gindin wata tsamiya, babu wanda ya taso. Ɗaya ya dubi rigar Ardo da ta koma baƙa ya faɗi wata magana da Fulatanci, sauran suka yi dariya. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga yadda Ardo ya sunkuyar da kai.

Washegari na shiga ofishin Malam Garba na dire masa guntun sarƙar a kan tebur, da waldar a jiki. Na zayyana masa duk abin da ya faru. Ya juya sarƙar ya duba, ya ce, “Wa ya ba ka izinin yanke kayan gwamnati?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, magani ya lalace, an kunyata dattijo a gaban mutanensa, sarƙa kake tambaya?”

“Amma dai tun da na sa aka yi wannan, an sake sace mana safaya?”

Da na faɗi abin da ya zo mini, da a ranar aikina ya ƙare. Na dai tambaye shi sauran motocin fa, ya ce duka an yi musu. Wato duk watannin nan muna shiga daji babu tayar canji, muna ɗauke da safayar kallo. Sai da Malam Maina ya kai maganar gaban shugaban ofis aka kira mai walda ya zo ya cire abin da ya ɗora, Malam Garba yana tsaye yana ƙorafin cewa yanzu kuma sai mu sayar.

Da aka samo sabon magani muka aika wa Ardo, muka koma. Wannan karon tun rana ba ta yi zafi ba muka isa, ƙanƙara ko gumi ba ta yi ba. A filin nan da aka ce ranar farko ya cika maƙil, garke ɗaya muka tarar, na Ardo Buba. Ya bi rugagen kamar yadda ya yi da farko, kowa ya ce masa yana da uzuri, har ƙanen nasa. Shi kaɗai ya tsaya yana kama mana shanunsa ɗaya bayan ɗaya, Malam Maina yana tsira allura.

Da muka gama zan shiga mota sai ya kira ni.

“Direba, tayan yana sauka yanzu?”

Na ɗauko ƙarfe na zura, na murɗa a gabansa har safaya ta taɓa ƙasa. Ya gyaɗa kai ya ce, “To madalla.” Ya juya ya kora shanunsa.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, ganin kaya a mota ba shi ne samunsa ba, sai ka sauke da hannunka ka tabbatar yana saukuwa. Na kuma gane cewa idan babba ya ɓoye wa na ƙasa da shi abu don yana zarginsa, ba a ofis ake jin zafin ba, can a daji ake ji, kuma yawanci a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Malam Garba ya yi ritaya da takardar yabo. Ardo Buba kuwa, har Allah ya karɓi ransa muna gaisawa a Yindiski, amma bai sake tara mana shanun kowa ba. Saboda haka ku ci gaba da dariyarku, amma tunda yanzu makullan a hannuna suke, duk wanda zai fita da mota a cikinku gobe, sai ya sauke safaya a gabana kafin in ba shi makulli.